Gita a Bayan Randar Inna

Ranar da na shigo gida da gita rataye a bayana, Baba yana gindin darbejiya yana tufka igiya. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi abin da na ratayo, sannan ya leƙa ƙofa yana jiran ganin babur. Babu babur. Na sayar da shi a Damagaram da safiyar ranar, na dawo Matameye a motar haya, gitar tana kan cinyata ina kare ta daga gwiwoyin mutane.

"Ina babur ɗin?" in ji shi.

"Ga shi nan na goyo, Baba."

Wallahi ba don rashin kunya na faɗa ba, bakina ne ba ya jiran shawara. Can ya ce, "Da awaki ka saya." Ya mai da kansa kan igiyarsa. Daga ranar aka yi wata da watanni bai sake ambaton gitar nan ba, ko da zagi.

Bari in faɗi abin da zai sa mutum da hankalinsa ya ba da babur ya karɓi katako mai rami. Kabu-kabu nake yi, ina kai mutane bakin iyaka ina dawo da su, wani lokaci da jarkokin esansi, wato fetur, ɗaure a baya. Da hanyar ta mutu, sana'ar ta bi ta. Sai mu yini a tasha, masu babura sun fi fasinja yawa, in mutum ɗaya ya sauko daga mota mu yi masa caa kamar kaji sun ga tsaba. Abin da gonarmu take bayarwa kuwa ba ya kai mu ko bazara. A unguwarmu in abu ya kai haka hanya ɗaya aka sani, arewa. A hau mota zuwa Agadas, daga nan a shiga sahara. Yayana ya bi ta. Da farko yana kiranmu a waya, yana dariya, yana cewa ya samu aikin gini. Daga baya wayar ta daina shiga. Inna ba ta yarda a ce ya mutu, ba ta kuma yarda kowa ya zauna a kan tabarmarsa.

Ni ba na so in tafi. Tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Bayan tuƙi abu ɗaya na iya, kaɗa gita. Wani Buzu mai gadin sito a bakin kasuwa ne ya koya mini a kan tasa, a ɓoye, kafin ya naɗe kayansa ya koma garinsu. Akwai kuma wani mai ƙungiyar kiɗa a Damagaram, irin masu zuwa bukukuwan aure, da na taɓa ɗauka a babur. Ya ji hannuna a kan gitar wani mutuminsa, ya ce, "Da sauran gyara, amma akwai abu a hannun nan. Ka nemi taka ka yi ta fama da ita. In an yi kaka bukukuwa sun buɗe, ka zo da ita in ɗauke ka. Amma ka ji da kyau, ni ba ni da gitar aro." Iyakar abin da nake riƙe da shi ke nan a duniya. In gitar ta kai kaka lafiya, ina gida. In ba ta kai ba, ina cikin motar Agadas.

Ga shi kuwa a farkon bazara na saye ta, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Mai butikin, wato kantin da na saye ta, wani Alhaji mai tabarau, ya riƙe hannuna kafin in fita. Ya ce, "Samari, abar nan ba a ƙasarmu aka yi ta ba. Gam ne ya riƙe ta, ba ƙusa ba, in ya ji zafi sai ya saki. Rana ce ajalinta. Kada ta ga rana, kada ta bushe, kada kuma ta jiƙe."

Na ce, "Alhaji, Matameye fa zan kai ta, ba cikin firji ba."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ɗakina rufin kwano ne, da azahar ko burodi ka sa zai gasu. Ba a daɗe ba ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan gitar suka fara leƙo kai ta gefe suna yagar mini tafin hannu, don katakon ya tsotse. Na kira Alhaji hankalina a tashe. Ya ce ƙishirwa take ji. Ƙishirwa! Mu da muke bin layin famfo tun asuba, ga wani baki ya ƙaru mana. Ya ce in jiƙa tsumma in matse shi sosai, in sa a gwangwanin da na huhhuda, in ajiye kusa da ita cikin jakarta, kullum.

Jaka ma ba ni da ita. Inna ce ta ɗinka mini da tsohon bargo. Ita ce kuma ta ga yadda nake zarya da tsumma tsakanin ɗaki da tsakar gida kamar mai jinya, ta ce, "Kawo amaryar taka ɗakina, kada ta mutu a hannunka a ce mu muka ƙi ta." Ɗakin Inna ginin ƙasa ne, rufin azara, kuma bayan randa akwai sanyi kullum saboda yashin da ake jiƙawa a gindinta. Nan na jingine gitar. Ƙarafan suka koma ciki, na fara barci kamar mutum.

Ashe gara ma ta san inda sanyi yake. Wata safiya na ɗaga jakar na ga gara ta gina hanyarta a jikin bango ta kama gindin bargon. Ihun da na yi, maƙwabta sun zaci kunama ce ta harbe ni. Na zazzage jakar, na duba gaba na duba baya, na leƙa ramin da tocila. Ba su kai ga katakon ba, saura ƙiris. Na zuba toka da baƙin mai a gindin bangon, na ɗaura igiya a azara na rataye gitar tana lilo, ba ta taɓa ƙasa ba ta taɓa bango. Igiyar ma ta Baba ce, Inna ta zaro mini daga cikin waɗanda zai kai kasuwa. Ya lura an taɓa masa kaya, bai tambaya ba.

Tsirkiya kuma wata fitinar ce. Gumin hannu yana sa mata tsatsa, duk kiɗan da na yi sai na bi su ɗaya-ɗaya na goge. Duk da haka siririyar ta tsinke, ta tsarge ni a kumatu. A duk faɗin Matameye babu mai sayar da tsirkiyar gita. Na aiki wani shofer, direban motar layin Damagaram, kullum ya dawo sai ya dafe kai ya ce ya manta. Kafin Allah ya tuna masa, wayar birkin babur na warware na zaro sili ɗaya na ɗaura, tana kuka kamar sauro. 'Yan fadarmu, inda muke shan shayi da la'asar, suka sa ni a gaba. "Ya jikin amarya? Ta sha ruwa yau?" Wani abokina da ya riga ya yanke shawarar tafiya arewa ya ce, "Kai dai in riƙe maka wuri a mota kusa da ni, kada ka zo ka samu bakin ƙofa." Saura kaɗan in fasa masa butar shayi a ka.

Abin da ya fi ci mini rai duk a ciki, Baba ne. Don mutumin nan ba baƙon tsirkiya ba ne. Makaɗin garaya ne na mafarauta, garayar tana rataye a ɗakinsa, fatar cikinta ta yi baƙi. Inna ta sha ba ni labari. Ta ce da damina, in fatar ta sha sanyi ta saki, sai ya shanya garayar a rana yana ƙwanƙwasa ta da yatsa har muryarta ta dawo, duk unguwa a san yau akwai kiɗa. Da daji ya ƙare mafarauta suka ƙare, ya koma bin kasuwanni yana kaɗa wa duk mai miƙo masa abu. Wata rana a kasuwar Kurni wani mai rumfa ya kore shi a gaban jama'a, ya kira shi maroƙi mai hana mutane ciniki, Yaya yana tsaye yana ji. Ya dawo gida ya rataye garayar ya kama tufka. Ni ban taɓa jin ya kaɗa ba.

Saboda haka da zarar na sauko da gitar, sai ya naɗe igiyarsa ya koma zaure. Gargaɗin Alhaji kuwa, Inna ta haddace shi, maƙwabta sun ji, 'yan fada sun ji har sun gaji. Baba kaɗai ne bai taɓa tsayawa ya ji ko kalma ɗaya ba.

Na ɗauka in ruwa ya sauka zan huta. Ina! Da marka ta kama, gari ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, cikin gitar ya kumbura, tsirkiyoyi suka yi sama. Dannawa sai da ƙarfin tsiya, kan yatsuna suka farfashe. Muryar kuma ta dushe kamar ta mai mura. Ga gero ya fara fitar da kai, kaka tana matsowa. Na kira Alhaji, ya ce in cire tsumman, in yi haƙuri, in iska ta bushe za ta koma daidai da kanta. Haƙuri! Shi yana cikin butikinsa a ƙarƙashin fanka, ni ina jin ƙarar motar Agadas a kunnena ko ina salla.

Wani yammaci ana ruwa, zaure yana yoyo, dole Baba ya zauna a ƙarƙashin rumfar ƙofar Inna. Ni ina ciki ina kokawa da gitar. Na kaɗa, ta amsa a shaƙe. Na sake, haka. Raina ya ɓaci, na ce da ƙarfi, "Inna, da wannan muryar ba wanda zai ɗauke ni. Ki fara haɗa mini guzuri kawai."

Ta ce, "Rufe mini baki! Kada in sake jin wannan maganar a ɗakina."

Na leƙa waje na ga igiya ta tsaya a hannun Baba. Bai dube ni ba. Ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo, ya ce da Inna, ba da ni ba, "Sanyi ta sha."

Maganarsa ta farko ke nan a kan gitar tun ranar awaki. Wallahi daɗi na ji. Na kwana ina juya ta a raina.

Ranar da gari ya washe, rana ta fito da ƙarfinta irin ta ƙarshen damina, mai cizo. Ni na yi sammako zuwa Dungu ƙodago a lambun rake. Inna ta tafi barkar haihuwa Icirnawa. Baba kaɗai aka bari a gida.

Na dawo da la'asar, laka har gwiwa. Tun daga zaure na hango wani abu yana ƙyalli a kan kwanon rumfar awaki. Ƙafafuna suka gane kafin kaina ya gane. Tana kwance rigingine a kan kwanon, an shimfiɗa mata babbar riga don kada ta karce. Jakin, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi suke kamawa a cikinta, ya ɓalle ya tafi da wani yanki na cikin, yana reto a jikin tsirkiyoyin. Tsaga ta taso daga bakin ramin har ƙasa, yatsana yana shiga. Wuyan ya karkace. Na kai hannu na taɓa ta, ta ƙona ni.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. "Wane maƙiyin Allah ne ya yi mini wannan? Wa ya kashe ni? Wa ya taɓa mini kayana? Wallahi ko waye ban yafe ba!"

"Ni ne."

Sai a lokacin na gan shi. Yana rakuɓe a 'yar inuwar bango, daga shi sai singileti, da sanda a hannu. Babu igiya a kusa da shi. Rigar da ke ƙarƙashin gitar tasa ce, ta zuwa masallacin Juma'a.

Ya ce, "Tun hantsi nake gadinta, kada awaki ko kaji su hau. Ina juya ta in rana ta juya. Muryar ta fara dawowa, wallahi ta fara, na ƙwanƙwasa na ji. Na ce in ƙara mata kaɗan, ka dawo ka same ta garau. Sai na ji tas."

"Baba, ba fata ba ce! Katako ne da gam!"

"Ban sani ba. Ba wanda ya gaya mini."

"Ka taɓa tsayawa an gaya maka?"

Haushinsa ya cika ni, irin wanda ban taɓa ji wa ɗan Adam ba, kuma ina kallonsa a rakuɓe da sandarsa. Ba abin da zan iya yi da shi. Na naushi bangon rumfar har bayan hannuna ya fashe, awaki suka watse, sannan na zauna daɓas a cikin laka na yi kuka da murya kamar an yi mini mutuwa. Haka Inna ta shigo ta same mu, kowa a wurinsa.

Ban saduda nan da nan ba. Na kai wa kafinta, ya shafa gam ya ɗaure da robar taya ya ce in bar ta ta kwana biyu. Da na ja tsirkiyoyi, jakin ya sake tashi, ya ƙara yagar wani wurin. Na ɗauke ta zuwa Damagaram. Alhaji ya cire tabarau ya duba, ya mayar, ya ce, "Samari, wannan sai dai haƙuri." Na wuce wurin mai ƙungiya na nuna masa. Na ce ya ara mini ko wace iri ce, ko mai tsirkiya uku, in yi biki ɗaya ya gani. Na durƙusa masa, ni da ban iya durƙusa wa kowa ba. Ya ce, "Tashi, don Allah, kada ka sa ni jin nauyi. Tun farko na gaya maka ba ni da ta aro. Ga wani can yana jira da tasa a hannu." Ya ba ni ruwa na sha, ya raka ni bakin titi.

Na dawo na wurga ta lungun ɗakina, ban ko sa ta a jaka ba. Aka shiga yankan gero. Ni da Baba muna gona ɗaya, muna ɗaure dami ɗaya, ba mai ce wa wani komai sai abin da ya zama dole. Damman da muka kai rumbu kuwa, kowa ya gani ya san ba za su kai mu ko'ina ba.

Wata rana na duba lungun ban ga gitar ba. Tana ɗakin Baba. Ya samo fatar akuya wurin mahauta, ya jiƙa, ya kankare gashin da wuƙa. Ya yanke fasasshen cikin gitar ya fitar, ya ja fatar a kan bakin, ya bi ta da ƙananan ƙusoshi. Ya sassaƙa sabon jaki irin na garaya, mai zama a kan fata. Kwana da kwanaki bai taɓa igiya ba, ranar kasuwa ta zo ta wuce bai je ba. Ina ganinsa ta ƙofa, ban shiga ba, shi ma bai kira ni ba.

Da ya gama ya fito da ita tsakar gida da hantsi, ya tsaya a inuwa, ya miƙo mini da hannu biyu. "Gwada."

Na zauna na ja tsirkiyoyin. Ta yi magana, ba laifi, murya mai kauri, rabi garaya rabi wani abin da ba shi da suna. Amma wuyan yana nan a karkace. Duk inda na danna sai ta faɗi wani abu dabam da wanda na tambaye ta. Na gwada waƙar da na fi iyawa, ni kaina ban gane ta ba. Inna ta tsaya da daka tana kallonmu.

Ya ce, "Za su ɗauke ka da ita?"

Ba ya ma bukatar amsata, makaɗi ne, kunnensa ya riga ya gaya masa tun a bugun farko. Ya karɓi gitar daga hannuna a hankali, ya shafa fatar. Sannan ya juya wajen Inna.

"A daka masa guzuri."

Inna ta jingine taɓarya ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Ranar tafiya shi ya ɗauki jakata har tasha, a kafaɗarsa, a gaban mutane. Na yi na yi ya ba ni, ya ƙi. Abokin nan nawa ya riƙe mini wurin kusa da shi kamar yadda ya ce, wannan karon bai yi mini tsiya ba. Da shofer ya tayar da mota, Baba ya kama ƙarfen tagar ya ce, "Ka riƙa kira. Ko ba ka da abin faɗa, ka kira." Har lokacin ina jin haushinsa, kuma da za a ce in sauka in zauna kusa da shi yana tufka har ƙarshen raina, da na sauka da gudu.

Ina kira. Shekaru ke nan ina nan arewa, siminti ya cinye kantar da gita ta yi mini a yatsu ya sa tasa. Na nemi Yaya duk inda aka ce an ga mai kama da shi, ban same shi ba. Baba ba ya son magana a waya, daga "Lafiya?" sai "To, madalla," ya miƙa wa Inna.

Bazarar da ta wuce na tambaye ta ko gara ta cinye gitar. Ta ce, "Wace gara? Tana nan bayan randa a rataye, inda ka saba sa ta. Babanka kullum da safe sai ya jiƙa tsumma, ya matse, ya sa a gwangwanin nan naka. Ko ruwan sha ya yi mana wuya sai ya rage mata. Ranar nan na buɗe taga don in sha iska, rana ta ɗan taɓa jakar, ya yi mini faɗa kamar zai cinye ni ɗanya."

Na ce, "Yana kaɗa ta?"

"A'a. Ya ce ba tasa ba ce, ajiya ce, mai ita zai dawo."

Na riƙe wayar a kunne, Inna tana ta "Alo, alo, kana ji na?" har kredin ya ƙare.